Ranar Da Aka Cire Wa Dagaswa Ƙaho

A can ƙasar dazuzzuka da manyan tafkuna ta arewacin Amurka, tun Turawa ba su wuce bakin teku ba, akwai al'ummai biyar da suka haɗa kai suka kira kansu mutanen Dogon Gida. Mohok ke tsaron ƙofar gabas, Seneka ke tsaron ƙofar yamma, su biyun su ne yayye. Onaida da Kayuga su ne ƙanne. Onondaga kuwa na tsakiya, a hannunsu wutar majalisa take. Kakanninsu ne suka gaji da kashe juna, suka tumɓuke wani dogon itace, suka zuba makamansu a ramin, suka mayar da shi suka kira shi Itacen Salama. Tun daga ranar ba sarki ɗaya ke mulkinsu ba, dattawa hamsin ne, kowanne da ƙahon barewa a kansa. Kuma ba namiji ke naɗa su ba. Uwar zuri'a ce ke ɗora wa mutum ƙaho, ita ce kuma ke cire shi bayan gargaɗi uku.

Dagaswa, na zuri'ar Zalɓe a ƙasar Kayuga, ya shekara goma sha tara da ƙaho a kansa. Yayarsa Onatawe, Uwar Zuri'ar Zalɓe, ita ta ɗora masa da hannunta. Ranar naɗin an faɗa masa abin da ake faɗa wa kowane mai ƙaho: fatarsa ta yi kauri taƙi bakwai, kada zagi ya huda ta, kada fushi ya samu masauki a ƙirjinsa, kada hannunsa ya sake taɓa makami. Ya riƙe wannan har kakar da aka shigo da gawar Tiyogwen.

Tiyogwen ɗan Onatawe ne, shi kaɗai ne namiji a cikin 'ya'yanta. A wajen mutanen Dogon Gida ɗan 'yar'uwa shi ne magajin mutum, don haka Dagaswa ne ya rene shi a kan maganar majalisa, ya koya masa karanta ɗamarar wuri, wadda ake saƙawa da farare da baƙaƙen duwatsun ƙwanson teku, kowace da saƙon da take ɗauke da shi. Shi ne kuma ya zaɓe shi ya kai farar ɗamara ga mutanen Kogin Laka, abokan gabarsu na kudu, don a ƙulla sulhun da aka fara maganarsa tun bazara. Bayan kwana goma sha shida abokan tafiyarsa suka dawo da shi a kan sanduna, naɗe cikin fatar barewa, an raba masa kai da gatari a bakin dajin garin da ya je da salama.

Dagaswa ya buɗe fatar ya duba, ya mayar ya rufe.

Onatawe ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta yanke gashinta, ta shafa toka a fuska, ta aika aka kira ƙanenta. Ta ce masa ya aika baƙar ɗamara zuwa Seneka a tara mayaƙa. Ya ce wannan ba ikonsa ba ne shi kaɗai, sai an kunna wuta a Onondaga. Ta ce to ya ji gargaɗi na farko.

Gargaɗi na biyu ya same shi a hanyar Onondaga. A zangon da suka yi a bakin wani rafi ya tarar da Sagoyeni, Sarkin Yaƙin Seneka, zaune a gaban yayarsa, ya kawo mata naman barewa da bargon gashi yana yi mata ta'aziyya da murya ƙasa-ƙasa. Sagoyeni ba shi da ƙaho, amma samarin ƙofar yamma sun fi jin maganarsa a kan ta dattawansu. Da Sagoyeni ya tashi, Dagaswa ya ce wa yayarsa mutumin nan bai taɓa gaishe da Tiyogwen ba yana da rai, ta tambayi kanta me ya kawo shi yanzu. Ta ce ko ma mene ne ya kawo shi, shi dai ya zo da hannu a buɗe, ƙanenta kuwa da baki ya zo. Ta ce ya ƙirga biyu.

Da hantsi Mai Tsaron Wuta ya buɗe majalisa. Yayye suka zauna a gefe ɗaya na wutar, ƙanne a ɗaya gefen, uwayen zuri'a a bayan mazajen da suka naɗa. Ya yi godiya ga ƙasa da ruwa, ga masara da wake da kabewa, ga iska da rana da Mahalicci. Amma hayaƙin da ya kamata ya miƙe ya fita ta kafar rufi don a gani daga nesa sai ya kwanta, ya bi kawunan dattawa yana sa su tari. Tsofaffi suka dubi juna. Mai Tsaron Wuta ya ɗauki fiffiken da yake share gaban wuta da shi, ya share sau biyu, hayaƙin bai tashi ba.

Ana cikin haka wani ɗan aike ya shigo a guje ya ce ga hayaƙi a bakin daji. Manzon Kogin Laka ne ya tsaya inda baƙo ke tsayawa, yana jiran a shigo da shi.

Wani tsoho ne ramamme mai suna Harontsa, mai magana da yawun dattawan Kogin Laka. Bayansa akwai wani dogon mutum mai shekara kamar talatin, ba makami a jikinsa, idonsa a ƙasa. Tsohon ya tsaya a gaban wuta ya ciro igiyoyin wuri uku, ya fuskanci inda Onatawe take.

"Uwar Zalɓe," in ji shi, "da wannan igiya nake share miki hawaye, don ki ga wanda ke tsaye a gabanki. Da wannan nake buɗe miki kunne. Da wannan nake cire abin da ya tsaya miki a maƙogwaro, don ki iya ba ni amsa."

Ya ajiye su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya juya ga dattawa ya ce bai zo ya wanke mutanensa ba, ɗanta a ƙasarsu ya mutu, hannunsu ne ya kashe shi. Amma majalisa ta san yadda abin ya faru. Ya ce wata biyu bayan an yi alkawarin ajiye makami, mayaƙa daga ƙofar yamma suka faɗa wa sansanin masu busar da kifi a gaɓar kogi, suka kashe mata goma sha ɗaya. Wasu 'yan'uwa biyu da uwarsu ke cikin matan su ne suka tare Tiyogwen. Ya ce wanda ya ja mayaƙan nan yana zaune a ɗakin nan, kuma ba zai kira sunansa ba, tunda shi baƙo ne.

Ba wanda ya dubi Sagoyeni, amma kowa ya san inda yake zaune. Sai yanzu Dagaswa ya gane. Ashe shi ya sa hannu ya tura yaron cikin wutar da wani ya riga ya kunna a ɓoye, ba wanda ya gaya masa.

Harontsa ya shimfiɗa babbar ɗamara fara a ƙasa, ya ce da ita yake rufe kabarin. Ya kamo hannun dogon mutumin ya jawo shi gaba. Ya ce wannan Wateska ne, ɗan 'yar'uwarsa, magajinsa. Uwarsa ta yarda ya zo ya zauna a tabarmar Tiyogwen, ya ɗauki sunansa, ya yi wa Uwar Zalɓe farauta har ƙarshen ranta.

Sagoyeni ya miƙe ba tare da an ba shi izini ba. Ya tako tsakiyar ɗaki ya sa ƙafa ya shure ɗamarar, ta faɗa bakin toka. Ya ce ƙarya ce ta maƙiyi da ya ji tsoro, kuma jinin manzo ba a rufe shi da wuri. Mai Tsaron Wuta ya tsawatar masa ya koma ya zauna, amma dattawan Seneka ko ɗaya bai ɗaga kai ba.

Aka ba yayye maganar. Suka juya ta har rana ta take tsaka ba su haɗu ba. Mohok suka ce a karɓa, Seneka suka ce a mayar. Aka miƙa ta ƙetaren wuta ga ƙanne. Onaida suka ce gawar ta Kayuga ce, abin da Kayuga suka ce shi za su bi. Dattawan Kayuga kuwa suka juyo suka dubi Dagaswa. Ya san lissafin. In ya ce a karɓa, Seneka sun zama su kaɗai, dole su sunkuyar da kai. Ya kuma san yayarsa na zaune taku uku a bayansa.

Ya tashi, ya je ya ɗauko ɗamarar daga bakin toka, ya karkaɗe ta.

"Yayyenmu masu tsaron ƙofofi, da ku masu tsaron wuta," in ji shi, "ni na koya wa Tiyogwen magana, ni na aike shi, ni na buɗe fatar da aka naɗo shi. Kada wani a ɗakin nan ya koya mini zafin mutuwarsa. In da zan bi abin da ke ƙirjina, da tsohon nan bai fita da ƙafafunsa ba. Amma ba don in bi ƙirjina aka ɗora mini ƙaho ba. Kakanninmu ba don sun rasa waɗanda za su rama wa suka binne makamai ba, kowannensu da gawa a gidansa ya zo gindin itacen. Yau an zo mana da igiya uku, da ɗamara, da mutum. Ba abin da dokarmu ke nema da ba a kawo ba. Abu ɗaya ne ya rage, kuma a gidanmu yake: a tambayi ƙofar yamma wa ya buɗe ta wata biyu bayan alkawari. Kayuga ta karɓi ɗamara."

Bai kai ga zama ba ya ji motsin yayarsa. Al'ada ita ce uwar zuri'a ta sa namiji ya faɗi maganarta a majalisa. Onatawe ba ta sa kowa ba.

"Dagaswa," ta ce, "ni na goya ka. Ni na tsaya a gaban matan Zalɓe na ce ku ba shi ƙaho, ba zai ba mu kunya ba. An raba wa ɗana kai kamar kabewa, kai kuma kana karkaɗe wa masu kisan ɗamararsu. Kana so in dubi wancan in kira shi da sunan ɗana, in zuba masa tuwo a ƙwaryar ɗana. Ban tambayi wa ya fara ba. Na tambayi wa ya kashe. Wannan shi ne na uku."

Ya juyo ya ce mata, "Yaya, mutumin da ke zuga ki shi ne sanadin mutuwarsa."

Ta ce in an gama da Kogin Laka za ta waiwayi wannan. Ta miƙa hannu ta zare ƙahon daga kansa a gaban dattawa arba'in da tara.

Da muryar Zalɓe ta faɗi, sauran dattawan Kayuga suka rabu biyu, Onaida suka janye. Rana ta karkata, doka kuwa ta hana a yi shawara bayan faɗuwarta. Mai Tsaron Wuta ya ce Dogon Gida ya kasa zama da zuciya ɗaya, kowace al'umma ta yi abin da ta ga ya dace. Ya ɗebi toka ya rufe wutar.

Dagaswa ya fito ba komai a kansa. A bakin ƙofa ya ga samarin Sagoyeni guda shida sun zame sun bi hanyar kudu, hanyar da baƙi za su bi. Ya fizge kulki daga hannun wani mai gadi, karo na farko da ya riƙe makami a shekara goma sha tara, ya sa Harontsa da Wateska a gaba, ɗamararsu a hannun tsohon. Da suka iske samarin a mararraba, ya kira kowannensu da sunansa da sunan uwarsa, ya ce wanda ya taɓa manzo a ƙasar Onondaga sai ya fara bi ta kansa. Suka ba da hanya. Ya raka baƙin tafiyar yini guda. Da za su rabu tsohon ya yi masa godiya, Dagaswa ya ce ya riƙe godiyarsa, ba don shi ya yi ba, kuma ya gaya wa mutanensa kada su bari su haɗu da shi a wani wuri.

Kafin ganye ya gama zuba Sagoyeni ya tara mutum ɗari huɗu, tamanin daga cikinsu 'yan Kayuga. Ranar da za su tashi Onatawe ta tarar da ƙanenta yana ɗaure kwari. Ta ce ashe yanzu ba shi da ƙahon da zai ɓuya a bayansa. Ya ce mata zai je ne ya ga ko zai dawo da wasu daga cikin 'ya'yan da take turawa. Gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Tun ranar da ya buɗe fatar barewar nan hannunsa ke neman abin da zai doka, yanzu kuma ba dokar da ta hana shi.

Kwana tara suka yi suna gangara kogi a kwalekwalen ɓawon itace. A rana ta shida mujiya ta sauka a kan kwalekwalen gaba da tsakar rana, ta ƙi tashi har aka kai mata duka da filafili. Mutum ashirin suka ce ba su ƙara taku ɗaya, suka juya gida. Sagoyeni ya bi su da dariya.

Garin Kogin Laka a kan tudu yake, kogi ya zagaye shi ta gefe biyu. Kafi uku ne na manyan gungume, ɗaya bayan ɗaya, da dandamali a sama inda aka jibge duwatsu da tulunan ruwa don kashe wuta. An girbe masara, an sare duk wani itace da maharbi zai raɓe a bayansa. Dagaswa ya duba ya ce wa Sagoyeni mutanen nan sun shirya tun ranar da aka shure ɗamararsu, kuma maza da ke kan dandamalin sun yi kaɗan ga gari irin wannan, sauran suna wani wuri. Ya ce a bar mutum ɗari a wajen kwalekwale. Sagoyeni ya ce a gaban mayaƙa ai shawara a majalisa ake ba da ita, wanda aka kora daga can kada ya kawo ta nan. Ya bar mutum goma sha biyu, ya kuma ba Kayuga ƙofar ruwa, inda hawan ya fi tsayi, ya ce gawar tasu ce, su fara.

Gari na wayewa suka taso. 'Yan Kayuga suka ɗauki kwalekwale takwas a ka suna kare kibiya da su, suka haura tudun a guje. Duwatsu suka fara sauka, ɓawon itace na fashewa, mutum na faɗuwa na bayansa ya taka shi ya wuce. Da suka isa gindin kafi suka jingina kwalekwalen suka hau ta kan haƙarƙarinsu kamar tsani. Dagaswa, mai shekara hamsin da ɗoriya, shi ne na huɗu da ya dira ciki.

Abin da ya faru a tsakanin kafi na farko da na biyu bai iya tuna shi daki-daki ba daga baya. Wuri ne matsattse, mutum biyu ba sa jerawa. Ya san ya doki wani a kafaɗa ya ji ƙashi ya karye. Ya san ya ture wani da garkuwa ya bi shi da kulki. Ya san yana kiran sunan Tiyogwen da wata murya da bai san yana da ita ba. Na ukun dogo ne, ya fito daga kusurwa da gatari a ɗage, da suka haɗa ido sai hannunsa ya tsaya a sama, kamar mai shirin yin magana. Dagaswa bai tsaya ba. Sai da mutumin ya kwanta, jini ya wanke jan fentin da ke fuskarsa, sannan ya gane Wateska.

Yana tsaye a kansa aka yi kururuwa daga ƙasa. Mazan da ba a gani a kan dandamali ba sun fito daga dajin gaɓa, sun kashe masu gadi, sun cinna wa kwalekwale wuta. Sagoyeni, wanda har lokacin bai kai mutanensa gindin kafi ba, ya juya da su suka ƙwaci kwalekwalen da wuta ba ta kama ba. Daga kan tudu Dagaswa ya ga Sarkin Yaƙin Seneka a tsaye a na gaba, ana tuƙa shi zuwa arewa, bai ko waiwayo ba.

Dagaswa ne ya tattara abin da ya rage na Kayuga ya fito da su. Suka gangara suna faɗa da baya-baya, suka ratsa ruwa iya ƙirji zuwa wani tsibirin tsakuwa a tsakiyar kogi. Ya ƙirga su, mutum hamsin da uku, sha tara da rauni. Maƙiya suka tsaya a gaɓa biyu ba su biyo su ba, don ba su da bukata. Ba itace a tsibirin, ba abinci, sanyi kuma ya fara sauka. Kwana biyu suka yi a nan, mutum huɗu suka cika.

A safiya ta uku hayaƙi ya tashi a gaɓar gari, wani ya ɗaga murya cikin harshen Kayuga ya ce wanda ya raka manzo daga Onondaga ya ƙetaro shi kaɗai.

Samarin suka ce kada ya je, ƙona shi za a yi. Ya ce ya sani. Ya ajiye kulkin ya shiga ruwa.

Harontsa na zaune a kan gungume, ya ƙara tsufa a wata ɗaya. Kusa da shi wata tsohuwa ce da toka a fuska, gashinta a yanke, a gabanta gawa naɗe cikin fata. Bayansu mutanen gari ne, kuma can gefe an riga an kafa turke an tara itace. Tsohon bai ciro igiyar wuri ba, bai share wa kowa hawaye ba. Ya ce mutum uku sun ga wanda ya kashe Wateska, sun kuma ga Wateska ya sauke hannu. Ya tambayi Dagaswa ko zai musa.

"Ni ne," in ji Dagaswa. "Na gan shi ya tsaya."

Harontsa ya ce shi ya kai yaron nan har gaban wutarsu ya ce ga shi, suka ƙi shi da rai, suka biyo shi gida suka kashe. Ya ce a ransa ba abin da yake so kamar ya ga an kunna itacen can, sannan a jira sanyi ya gama da na tsibiri. Amma a nan ma, kamar a Dogon Gida, ba namiji ke yanke hukuncin jini ba. Ya nuna tsohuwar ya ce ga 'yar'uwarsa, uwar mamacin.

Tsohuwar ta ɗago ta dube shi. Da ta yi magana, Harontsa ne ya juya masa ita.

"Wuta yini ɗaya ce," in ji ta. "Ba ta ishe ni ba. Wanda ya bar mini tabarma ba kowa shi zai zauna a kanta. Zai saro mini itace, ya kawo mini nama, ya kira ni uwa da bakinsa. Kullum zan dubi fuskarsa in tuna, shi ma ya dubi tawa. In ya gudu, duk ɗan Kayuga da ya faɗo hannunmu turke ne makomarsa."

Dagaswa ya ji fushin ya sake taso masa. Shi da ya tsaya a gaban wutar Onondaga shekara goma sha tara, shi za a tuɓe wa suna a ba shi na wanda ya kashe. Ya waiwaya ya dubi tsibirin, ya ga 'yan kawunan da ke leƙowa daga bayan tsakuwa. Ya tambaya su fa. Harontsa ya ce in ya zauna, za a ba su kwalekwale da masarar kwana tara, da ɗamarar nan dai da aka shure, su kai Onondaga. Wannan karon ba mutum a tare da ita, an riga an biya da jinin Wateska.

Ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya ba da saƙo. Aka ƙetaro da babba a cikin mayaƙan Kayuga. Dagaswa ya ce masa ya tsaya a gaban Mai Tsaron Wuta ya faɗi abin da ya gani da idonsa, wa ya hau kafi, wa ya hau kwalekwale, kada ya ƙara kada ya rage. Mutumin ya tambaya me zai ce wa Uwar Zalɓe.

"Ka ce mata an rama," in ji Dagaswa. "Na kashe mata mutum uku da hannuna, ɗaya shi ne wanda aka kawo mata ta ƙi. Ka ce mata gidaje talatin da ɗaya a Kayuga za su yanke gashi, ta shirya abin da za ta faɗa wa uwayensu. In ɗamarar ta iso, wanda ta ɗora wa ƙahona ya karɓa. Kada kuma ta aiko a nemo ni, ba ta da ƙane a Kogin Laka."

Matan gidan tsohuwar suka kama shi suka kai shi bakin ruwa. Suka tuɓe masa rigar Kayuga suka jefa a kogi, suka cuɗe shi da yashi har fatarsa ta yi ja, suka sa masa tufar mamacin, wadda ta yi masa tsawo. Yana tsaye ruwa na ɗiga daga gashinsa kwalekwalen suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, masu rauni a kwance a ciki, masu tuƙi na kallonsa.

Tsohuwar ta kira shi daga kan tudu da sunan ɗanta. Bai juya ba. Ta sake kira, mutanen gari suka fara gunaguni, wani ya kai hannu ga gatarinsa. Dagaswa ya ci gaba da kallon kogi har kwalekwale na ƙarshe ya sha kwana ya ɓace a bayan duwatsu. Sannan ya juya, haƙoransa a cije, ya amsa, ya kama hawan tudun.